Kwaɓin da Ya Fi Ƙarfin Gida

Mutanen dare suna ce masa Baba Mai Ɗumi. Mutanen rana ba sa ce masa komai, don ba su san shi ba. Ko a benen da yake haya akwai waɗanda suka daɗe suna zaton matarsa ba ta da miji.

Mai gashin burodi ne. Ya shiga gidan burodi tun gemu bai fito masa ba, ya fara da shafa wa gwangwanaye mai, aka matsar da shi wurin kwaɓi, daga nan sai bakin tanderu, inda ya tsaya fiye da shekara talatin. Mai son tarihinsa ya duba hannuwansa daga wuyan hannu zuwa gwiwa: tabon ƙuna ne wani kan wani, har gashi ya daina fitowa a wurin. Shi dai ba ya ba da labari. In an yabi burodi ya ce fulawar ce mai kyau. In an kushe ya yi shiru, gobe ya gyara.

Matarsa guga take yi a ɗakin wanki na wani asibiti, zannuwan gado da fararen rigunan likitoci. Aikinta na rana, nasa na dare, kuma a haka aka yi zaman auren. Da asuba yana hawowa tana saukowa, su haɗu a matakala, ya miƙa mata burodi mai zafi a takarda, ta ce masa abinci na cikin kula. Da yamma ta dawo ta tarar yana ɗaure takalmi. Gado ɗaya gare su, amma karɓa-karɓa suke yi masa. Duk da haka sun haifi 'ya'ya biyu, abin da har yau maƙwabta ke mamakin yadda aka yi. Babban ya tafi neman abinci wata ƙasa, sai Auta, malamar makaranta, da ta yi aure a wani gari mai nisa.

Ba su taɓa faɗa ba. Mutane na yaba musu a kan haka, amma gaskiyar magana faɗa ma lokaci yake so. In ƙofar kabad ta lalace sai ta bar ta a buɗe, ta dawo ta tarar an gyara. In maɓallin rigarsa ya cire sai ya rataye ta a jikin kujera, ya farka ya gan ta a ninke, an ɗinke an goge. Wannan ita ce hirarsu, kuma shi a ganinsa ta isa.

Ita aka fara sallama, da shekarun aikinta suka cika. Ba a jima ba tari ya kama shi. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce ƙurar fulawa ta yi masa yawa, in yana son ganin jikoki ya bar bakin tanderu. Mai gidan burodin ya yi masa godiya a gaban ma'aikata, ya ba shi agogon bango da buhun fulawa. Mutumin da aka sallama saboda fulawa, aka yi masa kyautar fulawa. Ya ɗauko buhun ya jingine bayan ƙofar falo.

Daga nan zama ya gagara. Dare ya yi, jikinsa ya ce lokacin aiki ne. Ya tashi ya buɗe firji ya rufe, ya yi tari, ya ɗaure famfon da ba ya yoyo, ya hana ta barci. Da rana kuma ya zauna a falo yana gyangyaɗi kamar kayan da aka ajiye ba a zo ɗauka ba. Ta yi masa magana ya ce "To." Ta ƙara ya ce "Haka ne."

Ana cikin haka Auta ta haifi tagwaye, hutunta ya zo ƙarewa. Ta kira ta ce Mama ta dawo wurinta da zama gaba ɗaya, ga ɗaki an gyara. Baba kuwa kowa ya san ba zai zauna gidan suruki ba, ba a ma wahalar da baki ba.

Matar ta same shi a falo ta ce, "Malam, ka ji abin da Auta ta ce. Me ka gani?"

Ya ce, "Yadda kika gani."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ɗaki ta jawo babbar jaka daga ƙarƙashin gado. Tun kafin ƙarar jakar ta tsaya ya san amsar da ya bayar ba ita ba ce, amma ta riga ta fita, kuma bai san yadda ake dawo da magana ba. Mijin Auta yana da aiki a wani gari kusa, aka shirya zai biyo da mota da sassafe ya ɗauke ta.

Ana gobe zai zo, gari bai gama wayewa ba, Baba ya ja buhun nan zuwa kicin.

Ta leƙo da carbi a hannu. "Lafiya?"

"Burodi zan yi miki."

Duk burodin da ta ci a zamansu na mai gidan burodi ne: fulawarsa, ma'auninsa, sunansa a jikin leda. Baba yana son ya yi mata nata, da madara da bota, mai laushi, don ba ta son ɓawo mai tauri. Guda biyu ya yi niyya. Amma shi bai taɓa auna yis da cokali ba, hannunsa ne ma'auni, hannun kuma lissafin gidan burodi ya sani. Ya dumbuzo yis ya watsa, ya dumbuzo gishiri da sukari, sannan ya duba 'yar fulawar da ke cikin kwanon ya ga ba za ta ɗauka ba. Zubar da kaya ba ya cikin tarbiyyarsa. Ya ƙara fulawa. Fulawa ta nemi ruwa. Kwano ya cika aka koma roba, roba ta cika ya wanke bahon wanki tas ya juye. Lokacin da tafin hannunsa ya ce masa kwaɓi ya yi daidai, buhu ya koma rabi.

Ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa. "Malam, biki za a yi ban sani ba?"

"Guda biyu na yi niyya."

"Guda biyu me? Mota biyu?"

Ya buɗe baki zai yi bayani tari ya sarƙe shi. Ta fizgo ɗankwali daga igiya ta ɗaure masa hanci da baki da ƙarfi, kamar mai jin haushin ɗankwalin.

"Likita ya ce ka bar fulawa, kai ka kawo ta har ɗaka. Matsa. Duk abin da za a barbaɗa ni zan barbaɗa."

Kwaɓi ba ya jiran kowa. Kafin su sha shayi ya ɗago zanen da aka rufe shi da shi, ya leƙo ta bakin baho, ya fara gangarowa ƙasa. Baba ya naushe shi ya kwanta, suka yanki wani suka cusa a firji don ya rage sauri, bayan ɗan lokaci ƙofar firjin ta buɗe da kanta. Tanderun gas ɗin da ke ƙasan murhunsu ɗan mitsitsi ne, kuma gwangwanin gashi babu. Aka sauke tukwane, aka nemo gwangwanayen madara, har da kwanon da ake ajiye albasa. Ta sauka ƙasa ta roƙi maƙwabciyarsu matar tela aron nata tanderun, ta dinga hawa da sauka da tire a ka.

Ba ta taɓa ganinsa yana aiki ba. Mutumin da ke jan ƙafa a falo ya ɓace. Wannan yana tsinko kwaɓi ba tare da ya duba ba, ya mulmula biyu lokaci guda, ɗaya a kowane hannu, duk su fito kai ɗaya. Ya san abin da ke cikin wuta ya yi tun bai buɗe ba. Ita ma ta karɓi nata ta shimfiɗa, ta ninke gefe da gefe, ta danne da tafin hannu.

Ya ce, "Ba rigar matashin kai ba ce."

"Ya yi ko bai yi ba?"

Ya juya shi ya duba. "Ya yi."

A nan ya ga wuyan hannunta. Tabo ne siri-siri, tsofaffi, na bakin dutsen guga. Shekara da shekaru hannun nan yana karɓar burodi daga nasa a matakala mai duhu, bai taɓa gani ba. Ya so ya tambaya, sai ya miƙa mata bota.

Haka suka yini. Ƙamshi ya cika benen har yara suka yi layi a matakala, aka ba kowane gida, aka ba mai wankin mota, aka ba wanda ya zo gyaran wuta. Rana ta faɗi, gas ya kusa ƙarewa, aka sauke na ƙarshe. Burodi a kan tebur, burodi a kan kujera, burodi a kan firji. Tukunya ko ɗaya ba ta da sarari, ba a ɗora komai ba tun safe.

Ta zauna a kan buhun ta miƙe ƙafa. "Yunwa nake ji. Kuma wallahi in ka ce mini burodi sai mun ɓata."

Ya ce, "Mu je waje mu ci."

Ta dube shi ta ga ba wasa yake ba. Ta yi wanka, ta ciro takalmin da ta saya don auren Auta, wanda bai sake taka ƙasa ba tun ranar.

Wurin da ya kai ta yana kan babban titi, mai gilashi da fitilu, irin wanda ya daɗe yana wucewa ta gabansa a rufe. Aka zaunar da su, aka kawo kwandon burodi kafin abinci. Ta murza mayafin teburin tsakanin yatsu biyu ta taɓe baki.

"Da danshi aka ninke shi."

Shi kuma ya danna burodin da babban yatsa, ramin bai taso ba. "Da wuri aka cire shi."

Suka haɗa ido, dariya ta ƙwace mata, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Da abin ya tsaya a nan da an ce fita ta yi kyau. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi. Baba ya ci irin cin bakin tanderu, kai a ƙasa, kafin ta gama cire ƙaya ya share faranti ya fara neman tashi.

"Zauna, Malam. Babu abin da ke ƙonewa."

Ya zauna. A teburin kusa wani saurayi da budurwa suna ta zuba kamar an kunna rediyo. Ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ta ce, "Gobe da safe mijin Auta zai zo."

"Na sani."

"To?"

Maganar tana nan a ƙirjinsa, yana jin nauyinta. Ga fitila a kansu, ga mutane, ga idonta a kansa. Ya ce, "Ki ci, kifin zai huce."

Ta ajiye cokali a hankali. "Na ga aikin da ka yi yau, ban raina ba. Amma ni ba burodi na tambaye ka ba. Duk shekarun nan ina ce wa kaina aiki ne ya hana mu zama. Yanzu aikin ya tafi. Ga ka ga ni, ban ga abin da ya hana ba. Ko dai dama babu ne?"

Ya ɗaga hannu ya ce a ƙunshe musu sauran. Suka koma gida tana gaba yana baya.

Da ya kunna fitilar falo burodin nan ya tare su, tuli guda, har yanzu da ɗan ɗumi. Ta wuce ɗaki wurin jakarta. Shi ya tsaya yana kallo. In ya kwana ya zama na jiya, shi kuma bai taɓa barin aikinsa ya kwana a banza ba. Ya shiga neman abin zubawa. Ta fito ta jefa masa rigunan matashin kai guda biyu, wankakku, gogaggu.

"Ina za ka kai shi da daren nan?"

"Akwai masu ido biyu."

"Can inda kake zuwa in ka zaci na yi barci? Kana zaton ba na jin ƙofa?" Ta ɗauki mayafi. "Mu je. Kafin in bar garin nan sai na ga abin da ke cinye mini miji."

"Da nisa fa."

"Ɗauki ɗaya, in ɗauki ɗaya."

Garin da ta sani na turereniya ne da hon da rana mai dukan ka. Wannan wani ne daban. Kantuna sun sauke ƙofofin ƙarfe, fitilar kan hanya tana ja tana kore ba mota ko ɗaya da za ta ba hannu. A kasuwa an kifa tebura, kyanwoyi sun karɓi wurin. Ana jin ƙarar ruwa a cikin kwata, abin da ba a taɓa ji da rana. Baba kuwa tafiyarsa ta canja, kafaɗa ta miƙe. Yana gaba yana cewa, "Nan akwai rami. Bi ta dama. Karen gidan nan baki ne kawai."

A bakin wani babban kanti wani dogon mai gadi ya haske su da tocila, sai ya kwarma ihu.

"Baba Mai Ɗumi! Yau da kaya? Mun zaci likita ya raba ka da fulawa har abada!" Hasken ya koma kanta. "Kai! Kada dai ka ce wannan ce Mama? Wallahi mun ɗauka ƙirƙirarta ka yi don kada a raina ka!"

"Kai da kake gadi ido rufe, me ka taɓa gani?" in ji Baba. "Bara aka sace kujerar da kake kai, sai da safe ka ji ƙasa da sanyi."

"Sharri ne, Mama, kada ki yarda!"

Baba ya tuntsire da dariya, ta gaske, har haƙoransa na ciki suka fito. Ya ciro burodi biyu ya danƙa masa. Matar ta tsaya da kaya a kafaɗa tana kallon mijinta kamar an musanya mata shi a hanya.

Haka aka yi ta yi. Mai ba da mai a gidan mai, mai sayar da magani ta 'yar taga, 'yan sintiri a bakin shataletale, kowa da irin tsiyar da suke yi da shi, kowa kuma yana da amsarsa a bakin Baba. A wani dogon titi suka tarar da mata masu shara. Babbarsu, wata gajeriya mai ƙaton murya, ta jingine tsintsiya ta kama hannun matar da hannu biyu.

"Yaya, sannu! Yau dai Allah ya yi. Ya bayan naki? Man zafin nan da na ba shi ya yi miki aiki?"

Ta tuna wata kwalba da ta taɓa tararwa a kan tebur ba bayani. "Ya yi. Na gode."

"Ya tagwayenmu? An ce macen ta fi ci. Ke kuma an ce har yanzu ba kya yarda kowa ya goge miki kaya."

Ta amsa da fara'a yadda ya kamata. Amma da suka wuce Baba ya lura ta daina tambayarsa sunayen tituna.

Ƙarƙashin gadar sama akwai mai shayi, da bencinsa da direbobin manyan motoci. Nan Baba yake yada zango tun yana saurayi. Suka sauke sauran burodin, direbobi suka yi masa caa. Mai shayin, tsoho ne mai furfura a gira, ya goge benci da hannun riga.

"Zauna, uwar gida. Naki madara da yawa, sukari kaɗan, na sani." Ya miƙa mata kofi. "Ai gara da kika zo. Shekaranjiya a nan ya zauna har na kwashe kaya. Ya ce mini in kika tafi, shi..."

"Dakata." Ta ɗaga hannu. "Kada ka ƙarasa. Ba kai ka aure ni ba."

Direbobi suka fashe da dariya, wani ya ce, "Baba, yau ka shigo hannu!" Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin, ta nufi matakalar gadar ta hau. Baba ya bi ta, yana tsayawa yana tari.

A sama iska na kaɗawa. Ƙasa layin dogo ne da taragu a jere, can nesa fitilun gari har inda ido ya ƙare. Ta juyo.

"Mai shara ta san ciwon bayana. Mai shayi ya san sukarina. Ni da nake wanke maka riga ban san kana dariya haƙora a waje ba. Ashe kana da baki, Malam. Ka rabar wa titi, ni ka kawo mini 'To' da 'Haka ne'."

Ya dafa ƙarfen gadar. "In na dawo kina sauri. In zan fita kin gaji. Sai in ce bari gobe. Na saba ajiyewa, in na fito nan sai ta zube. Nan kuma dare ne. Ba a kallon fuskar mutum."

"Au, fuskata ce ta hana?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To ga dare." Ta juya masa baya, ta fuskanci layin dogo. "Ba na kallonka. Ina ji."

Ya daɗe yana kallon mayafinta. Akwai shatin fulawa a kafaɗar, inda ta ɗauko kaya. Ya gwammace a ce ya sauke buhu ɗari da wannan tsayuwar.

"Kada ki tafi."

Ba ta motsa ba.

"Ban iya zaman gida ba. Ban san yadda ake yi ba, ban taɓa yi ba. Amma ni in aka nuna mini aiki ina koya, ba a taɓa nuna mini sau uku ba. Yaran kuma ki je ki gan su. Mu je tare ma, in kwana a masauki. Amma babbar jakar nan..." Tari ya katse shi. Da ya lafa ya ce, "Ki mayar da ita inda take."

Wani jirgin kaya ya motsa a ƙasa, taragu suka yi ta bugun juna har suka yi shiru.

Ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan nake da shi yau."

"Yau," in ji ta. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ta zauna a kan matakala ta ce, "Takalmin nan zai kashe ni."

Ya durƙusa ya zare mata. Dunduniya biyu duk sun saluɓe, ɗaya har da jini, kuma tun ina take tafiya a haka ba ta ce uffan ba. Ya cire nasa, manyan takalman aiki masu faɗin baki, ya zura mata ya ɗaure igiyar da kyau. Nata ya jefa cikin rigar matashin kai ya saɓa.

"Kai fa?"

"Da safa."

"Mu nemi mota mu koma?"

Shi ya yi tambayar, ita ta girgiza kai. "Ban gama gani ba. Nuna mini sauran. Ka wuce gaba, ka yi ta magana, ba na kallonka."

Ya wuce gaba. Ya nuna mata inda ruwa ya taɓa cin sa har ƙugu yana rungume da burodinta a ka. Ya nuna mata kasuwar kifi, inda ake sauke kaya daga motocin ƙanƙara ana ihu kamar tsakar rana. Suka bi ta bayan gidan burodin, ƙofar baya a buɗe, wuta ja a ciki, wani yana tsaye a inda yake tsayawa. Baba ya ɗan dakata cikin ƙamshin, bai shiga ba, ita ma ba ta ce ya shiga ba. Da suka wuce sai ta fara ba shi nata: shugabar ɗakin wanki mai masifa, ranar da injin ya cinye zanen gado goma, daren da Auta ta yi zazzaɓi ta goya ta zuwa asibiti ita kaɗai ba ta taɓa gaya masa ba. Wannan ya soke shi, amma ya saurara har ƙarshe. Game da gobe kuwa ba ta ce komai ba, shi kuma bai da ƙarfin sake tambaya.

Gari ya yi fari lokacin da suka shigo layinsu. Motar mijin Auta tana ƙofar bene, ya buɗe but yana gyara wuri.

Surukin ya juyo ya gan su: Mama cikin kayan fita da ƙattin takalman maza, Baba da safa, da rigar matashin kai a kafaɗa. Mutum ne mai kunya. Ya durƙusa ya kafa idonsa a ƙasa, sai dai a ƙasan ne abin kallon yake.

"Ina kwana, Baba. Ina kwana, Mama. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, yawo muka je," in ji ta. "Ya masu jego?"

"Suna gaishe ku. In hau in sauko da kayan?"

Baba ya kalli tayar mota.

"Rufe but ɗinka, ɗana," in ji ta. "Babu kayan da za a sauko da su. Ka ce wa Auta ta nemi mai raino, zan taya ta zaɓa. Ƙarshen wata muna nan zuwa, ni da Babanku, mu ga yara mu dawo. Zama dai ba yanzu ba. Ina da aiki a nan."

"Wane aiki kuma, Mama? Ba an sallame ki ba?"

"Ka dai gaya mata haka, za ta yi fushi ta huce. Hau ka sha ruwan zafi kafin ka kama hanya."

Surukin ya rufe but ya yi gaba, yana satar waiwaye. Baba yana nan tsaye. Ya so ya ce wani abu, amma rana ta fito, ga ta kuma tana kallonsa. Ya matsa a hankali ya ɓoye ƙafarsa ta dama bayan taya. Ta riga ta gani: safar ta huje, babban yatsa a waje, baƙi ƙirin da ƙurar titi.

"Wannan hujin na daren jiya ne ko ya daɗe?"

"Ya daɗe."

"Kuma a gaban suruki." Ta ja tsaki. "Wuce mu je, kafin matar tela ta leƙo."